Kaset ɗin Kawu Sale

Ranar wata Asabar ce, a kakar da na shiga aji huɗu a lekol, wato makarantar boko, na tsaya a tsakiyar gonarmu ta ƙetaren Binuwai ina jin kaina kamar wanda ya ci sarauta. Zaren kaset na warware, na ɗaure shi daga wannan kara zuwa wancan, yana walƙiya a rana, iska na kaɗa shi yana kuka, tsuntsaye kuwa ko ɗaya bai yarda ya sauka a kan dawarmu ba. A gonar maƙwabcinmu na ga dabarar. Da ma korar tsuntsaye ta ishe ni, kullum ina cikin kaɗa gwangwani da wurga majajjawa har murya ta dishe, alhali sa'o'ina suna bakin kogi suna langa. Kaset ɗin a ƙasan kwallar Inna na sato shi, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ban taɓa jin an sa shi a rediyo ba, sai na yanke wa kaina hukunci cewa ya lalace.

Kawu Sale ƙanen Inna ne, ɗan mahauta da ya ajiye wuƙa ya ɗauki garaya. Babanmu, ɗan kasuwa mai gudun abin kunya, yakan ce, "Roƙo ma da riba, amma wannan ya zaɓi waƙar da ba ta kawo ko goro." Gaskiyarsa ne, domin Kawu bai taɓa wasa mai kuɗi ba. Waƙoƙinsa na manoman auduga ne da ake cuta a wurin awo, da masunta da aka kora daga fadamar kakanninsu. Yakan hau mota har Tuboro ya rera wa manoma a gindin bishiya. Kafin in yi wayo wasu mutane suka zo kasuwa suka tafi da shi, ya yi watanni a tsare. Da ya dawo sai ya rataye garayar, ya koma fawa, bai ƙara buɗe baki da waƙa ba. Wani direban Maruwa ne ya taɓa ɗaukar muryarsa a wurin biki, kuma duk Garwa wannan kaset kaɗai ya rage. Tsoro ya hana Inna sa shi, ƙauna ta hana ta ƙona shi. Ni duk wannan ban sani ba.

Da la'asar Inna ta iso gonar da fura, Kawu na biye da ita. Ta ga kwankon kaset a kan kunya, ta gane ɗankwalinta, ta dire ƙwaryar ta ɗora hannu a ka. "Ka kashe ni, Habu! Muryar kawunka ce ka shanya wa tsuntsaye?" Ta karyo kara ta yo kaina, Kawu ya riƙe mata hannu. Ya daɗe yana kallon zaren, yana kallon tsuntsayen da ke shawagi sun kasa sauka. Can ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Ƙyale shi, Yaya. Shekara nawa ina waƙar nan ban kori ɓarawon hatsi ko ɗaya ba? Yau ga shi ta yi aiki." A lokacin murna na yi da na tsira daga duka, har da tsalle a hanyar gida.

Kawu ya rasu ina sakandare. Yanzu kowane ɗan acaba a Garwa yana da waƙoƙi fal a waya, matasa suna rera abin da ke cin ransu, kafin magariba ya zagaye gari. 'Ya'yana sukan tambaye ni yadda muryar kakansu Sale take, in buɗe baki in rasa abin faɗa. Baiti ɗaya Inna ta riƙe, shi ma ba ta da tabbacin karinsa. Dawar shekarar da na shanya kaset ɗin ta yi kyau, mun ci har damina. Ban taɓa cin tuwo mai tsada irin wannan ba.