Minti Uku na Ishaya

Shekara shida ke nan cif da rasuwar Ishaya. Ni direban tasi ne, firamare ma ban gama ba, don haka a yi haƙuri da yadda maganar za ta fito.

A nan ƙetare, a wajen jiran fasinja na filin jirgin saman JFK muka saba. Shi Kirista ne daga Kudancin Kaduna, ni Bakano. Duk direban da na sani, in ya samu hutu gida yake tafiya. Shi kuwa tsibiran Karibiyan yake nufa, ya goya silindar iska, ya sa takalmi irin ƙafar agwagwa, ya nutse ƙasan teku kallon murjani. Ni a wuyan kakata kawai na san murjani. Shi ya gaya mini abu ne mai rai, har da unguwanni, kifaye na shige da fice kamar yankinmu na Bronx ranar Asabar, sai dai babu mai danna hon.

Mun yi masa tsiya har mun gaji. Nakan ce, “Mutumina, kifi zai yi kalaci da kai, mu rasa abin binnewa.” Shi kuma ya ce, “Malam Sani, kai goslo ne zai cinye ka, kuma a zaune.” Ruwa bai kashe shi ba. Zuciyarsa ce ta tsaya, yana kan kujera a falonsa.

Wata rana na same shi a ƙofar gidansu a unguwar Morrisania, ya kashe mota yana zaune a ciki, ido a rufe. Na ƙwanƙwasa gilashi, ya ɗaga hannu in jira. Da ya fito ya ce mai nutso ba ya hawowa kai tsaye. In ya kusa fitowa sai ya tsaya minti uku, iskar da ta taru a jininsa ta fice a hankali, in ba haka ba ta illata shi. “Titi ma ƙasan ruwa ne,” in ji shi. “Wuni guda ana zaginka, sai ka kwasa ka kai wa iyali?” Na ce masa wannan iyayi ne kawai.

Ni na ci gaba da kwasa ina kaiwa. Bara matata Hajara ta sauko da akwatinta, ta ce in ban daina shigowa da faɗa ba, za ta koma wajen yayarta a unguwar Soundview. Ta ce ’yarmu Hafsa da ta ji ƙarar makullina take shigewa ɗaki. Shekararta sha shida, ban taɓa lura ba.

Ina tunanin abin da Ishaya zai ce da ya ga yau. ’Yarsa Rifkatu ta je wurin da yake nutso, ta nuna mana hotuna. Rabin murjanin ya yi fari fat kamar ƙashi, wai zafin ruwa ne. Gara da bai gani ba. Ni kuwa da ya gan ni, dariya zai yi, don yanzu kullum in na tashi aiki da la’asar sai na kashe mota a ƙofar gida na zauna. Minti uku na da tsawo in kana cike da haushi. Wani lokacin ba ya isa.

Makon jiya ina zaune sai ga Hafsa ta dawo daga makaranta. Ta buɗe ƙofar gaba, ta tambaye ni da Turanci ko motar ce ta lalace. Na ce, “A’a, uwata. Saura minti biyu.” Ta dube ni, ta shigo ta zauna, ta rufe ƙofa. Tare muka ƙarasa su.

Akwatin Hajara yana nan a bayan ƙofa. Ba ta mayar da shi kan sif ba, ba ta kuma fita da shi ba. Da Ishaya ya rasu bai bar gida ba, bai bar fili ba, silindarsa ma an sayar. Minti ukun nan ya bari, kuma su nake riƙe da gidana da su.