Ku Matsa, Kun Taka Masa Igiya

Duk mai bin hanyar Talata Mafara zuwa Bakura da sanyin safiya ya san shi: siririn dattijo a kan keke, wando a naɗe har gwiwa, igiya a kafaɗa. Da an sallame asuba sai bakin kanal, magudanar ruwan noman rani. Ya gaida masu ban-ruwa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida da iyali da gajiya, sannan ya tsoma ƙafa cikin laka. Malam Ɗan Asabe ke nan, malamin gona, wanda ya ajiye aiki watan jiya bayan shekara talatin da biyar. Wai ya ajiye. Shekaranjiya ma na gan shi da igiyarsa.

Ni Ayuba na Birnin Tudu ina da bakin magana a kansa, domin a cikin masu yi masa dariya muryata ta fi ta kowa tashi.

Lokacin da ruwan madatsar Bakolori ya fara isowa gonakinmu aka turo mana shi, yana saurayi. Mu tun kakanni watsa shinkafa muke yi, mu bar wa Allah sauran. Shi kuwa ya ce a rene ta a fangali, in ta yi sati uku a cire a dasa a layi. Dashe fa, sai ka ce albasa! Ga wata igiya da ya ƙuƙƙulle taƙi-taƙi, wai a gindin kowane ƙulli za a dasa. Sannan muka ji ɗan Nasidi mahauci ne daga Mafara. Ai sai baki ya buɗe.

"Wanga ɗan mahauta shi ka koya muna noma?" in ji ni a dandali. "Ku duba, igiyar ɗaurin shanu ce! Shinkafar zai ja zuwa mahauta."

Ashe gaskiya na faɗa, igiyar ubansa ce. Abin da ban sani ba, tsohon ya yanka masa wa'adi: rani guda. In manoma ba su karɓe shi ba, ya koma gida ya riƙe wuƙa, maganar gona ta ƙare.

Mutum ɗaya ya ba shi dama, maƙwabcina Bawa, wanda ya yankar masa kusurwar gonarsa. Suka dasa. Kwana uku shinkafa ta yi rawaya, ta kwanta laƙwas. Mu kuwa muka sa riguna, muka jeru a bakin gona kamar masu zaman makoki.

Na ce, "Bawa, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan shinkafa."

Aka fashe da dariya. Ɗan Asabe yana duƙe cikin laka, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Haƙuri da godiya. Ku ɗan matsa, kun taka min igiya."

Bawa ya gaya mini daga baya cewa ranar idanun Ɗan Asabe jajur suke, ko furar da aka kawo bai iya sha ba. Amma da gari ya waye ya riga kowa zuwa gonar.

Kafin kwana goma, wallahi, gawar da muka yi wa ta'aziyya ta miƙe tsaye. Ta yi kore shar, kowane gindi ya yi 'ya'ya, ga layi sarari ana cire ciyawa ba wahala. Ranar yankan shinkafa Nasidi da kansa ya zo daga Mafara. Ya daɗe yana kallon zangarniya, sannan ya karɓi igiyar ya jujjuya. Ya ce, "Ƙullin ga naka na ɗaurin rago ne, ba ya shekara." Ya zauna a kan kunya ya sake ƙulla ta tun daga farko, irin ƙullin da ko bijimin sa ba ya kwancewa. Bai ƙara ambaton wuƙa ba.

Da rani ya zagayo na je aron igiya, kunya kamar in nutse. Ɗan Asabe ya tarbe ni da murmushi: "Malam Ayuba, ya haƙuri?" Ya bi ni har gona, ya yini yana dasa mini.

Kai ne, Ɗan Asabe, ka bi ƙauyukan Bakura da Maradun a kan keke, har Faru, ana yi maka ba'a kana auna taƙi. Kai ne ba ka taɓa tsayawa rama magana ba, don aikin hannunka ya ishe ka. Ɗan mahauta uban manoma! Tuwon shinkafar da 'ya'yana suka girma da shi, da laka a ƙafarka aka same shi.

Mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka yafe mini bakina.

Ku kuma matasa, duk aikin kirkin da kuka sa gaba, irina za su zo, da rigunansu da ta'aziyyarsu. Kada ku ɗago. Ku amsa gaisuwa cikin ladabi, ku ce su ɗan matsa, sun taka muku igiya.