Yadda Tsohuwa Ke Tashi Daga Tabarma

Mu biyar ne a tsakar gidana na Unguwar Dosa ranar nan. Akwai ni. Akwai autata, wadda ke koyarwa a jami'a kuma take neman digiri na uku. Akwai mijinta, ma'aikacin gwamnati, mutum mai ladabi da bai taɓa shigo mini ɗaki da takalmi ba. Akwai ƙanwar marigayi maigidana, wadda yara ke kira Goggo, ta taso daga Mando tun da hantsi. Sai aminiyata mai sayar da kayan miya a Rafin Guza, wadda ta bar rumfarta hannun maƙwabciya don na aika mata cewa ina nemanta. Ban faɗa mata dalili ba. Da na faɗa, da ba ta zo ba.

Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma aikin Auta na san shi gwargwado, don ba a daɗe ana yin abu a gabana ban gane kansa ba. A cikin kwamfutarta akwai wata 'yar halitta da ta zana, ba fuska, ba sutura, sai gaɓoɓi kamar an haɗa su da karan dawa. Ni nake ce mata 'yar kara. Auta kan zauna tana rubuta mata umarni layi bayan layi, tana koya mata yadda tsohuwa ke tashi daga ƙasa. Ta ce mini abin da masana suka fi aunawa a ƙasashen waje tashi ne daga kujera. Mu kuwa a tabarma muke zama, a ƙasa muke salla, a ƙasa muke cin tuwo. Idan 'yar kara ta iya tashi, da iliminta za a ƙera wani abin ɗaurawa a ƙugu da gwiwa, mai ɗan inji a jiki, wanda zai ji da kansa cewa mutum ya yunƙura, ya tallafe shi a daidai lokacin. Idan kuwa ya koyi tashin da ba shi ba, fizgar tsohuwa zai yi ya kayar da ita.

To, 'yar kara ta ƙi tashi. Auta ta yi ta yawo gidajen dangin mijinta tana ɗaukar hoton tsofaffi suna tashi, shi yana riƙe mata kyamara. Ta dawo ta zuba wa kwamfuta, 'yar kara ta kwaikwaya, ta yi rabin miƙewa, ta zube. Hutun karatun da aka ba ta a wurin aiki ya zo ƙarshe, malaman da za su zauna a kan bincikenta kuma sun sa rana. Idan ta je musu da abin da ke faɗuwa, shekarun da ta kashe sun tafi ke nan. Na ga yarinyar nan tana ramewa, idanunta sun faɗa. Da ta ce mini ko ƙarin tsofaffi za su gyara abin, na ce ta kawo kayanta gidana, ni zan samo mata tsofaffi.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya. Auta ta bi mu tana maƙala mana wasu fararen ƙyallaye a kafaɗa da ƙugu da gwiwa da idon sawu, wai da su kwamfuta ke gane inda gaɓa take, tunda zani ya rufe komai.

Goggo ta dubi jikinta ta ce, "Matar Yaya, kin tara mu an yi mana alama kamar awakin da za a kai kasuwa."

Na ce, "Ke wa zai taya ki? Zauna."

Aminiyata ta ce, "Ni dai a gaya mini, hoton nan maza za su gani?"

Auta ta ce, "Inna, ba wanda zai ga fuskarki. Gaɓoɓin kawai nake ɗauka, hoton kuma ba ya barin hannuna."

Mijin Auta ya durƙusa ya sake gaishe mu, sannan ya koma gefe da kyamara, kansa a sunkuye. Wani jirgin sama ya taso daga wajen Mando, muka jira ƙararsa ta wuce. Sai ya ce, "Mama, idan kin shirya."

Ni aka fara da ni. Ya kamata in faɗi wani abu a nan. Gwiwata ta dama ta daɗe da daina yi mini biyayya, amma babu ɗana ko jikana da ya taɓa ganin na dafa ƙasa. Idan da mutane a ɗaki, ina zaune har sai sun fita. Haka uwata ta yi, haka na taso na gani: mace ba ta nishi gaban yara, balle gaban suruki. Ga shi yau surukin ne tsaye a kaina. Na tattara numfashina, na datse haƙora, na miƙe tsam, bayana a miƙe, ko yatsa ban sa a ƙasa ba. Wani abu ya soke ni a gwiwa kamar ƙusa. Na gyara mayafina na ce, "Shi ke nan abin?"

Auta ta ce in sake. Na sake. Ta ce in ƙara. Na ƙara.

Goggo tana kallona. Tun muna amare ba ta yarda in fi ta a komai ba. Ta zauna, ta miƙe kamar budurwa, har da ɗan juyi. Aminiyata, wadda na san a rumfarta sai ta kama tirken rumfa take iya tashi, ita ma ta haɗiye ta miƙe, gumi na tsattsafo mata a goshi. Mijin Auta ya ce, "Masha Allah, iyayenmu da sauran ƙarfinsu." Mu duka muka ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba.

Da aka gama, Auta ta zauna a baranda tana zuba hotunan a kwamfuta, mijinta ya je tayar da janareta don an ɗauke wuta. Na shiga ɗaki in ɗauko musu fura. Na tarar da Goggo ta baje a kan darduma, ta yaye zani zuwa gwiwa, aminiyata na murza mata man zafi.

Goggo ta ce, "Rufe labulen nan, matar Yaya. Kin kashe ni."

"Wa ya ce ki yi juyi?"

"Na ga kin tashi kamar soja, in zauna ki ba da labarina?"

Aminiyata ta ce, "Ni sai da na ga duhu-duhu. Amma ai ba ma ji kunya gaban yaron mutane ba."

Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Da Goggo za ta tashi yin alwala, sai ta kifa, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta yi rarrafe zuwa bakin gado, ta kama shi, ta ja jikinta sama tana kiran sunan Allah. Na tsaya ina kallonta da kwanon fura a hannu. Sannan na fita da furar.

Gab da la'asar Auta ta kira ni. Na tsaya a bayanta. 'Yar kara na zaune a kan abin da ya yi kama da tabarma. Auta ta danna, sai ta yunƙura. Na gane ta nan take. Ni ce. Ga bayan nan a miƙe, ga kan nan a ɗage, hannuwa a gefe ba sa taɓa komai. Ta kai rabi, gwiwoyinta suka yi rawa, ta zube ta gefe. Auta ta sa mata tashin Goggo, ta zube. Ta sa na aminiyata, ta zube.

Na ce, "Me ke kayar da ita?"

Ta ce, "Mama, ƙarfin gwiwar tsohuwa na ba ta, gwargwadon yadda likitoci suka auna. Da wannan ƙarfin ya kamata ta iya abin da kuka yi, tunda ga shi kun yi a gabana. Idan na ƙara mata ƙarfi irin na matashiya, tana tashi lafiya. To wa zai amfana da wannan? Kuskuren a rubutuna yake, kuma na rasa inda yake."

Mijinta ya ce, "Ki huta, ki sake dubawa da sanyin kai."

Ta ce, "Na rushe shi na sake ginawa tun daga tushe. Babu inda ban duba ba." Ta rufe kwamfutar a hankali. "Gobe zan je in gaya wa malamina na haƙura. Gara in faɗa da bakina da in tsaya gaban mutane abu yana faɗuwa."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta fara naɗe wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a jaka da kyau, kamar mai haɗa kayan wanda ya rasu.

Ni kuwa na riga na gane. Yarinyar nan ba ta yi kuskure ba. Duk gidan da ta shiga, da namiji ta shiga, kuma suruki ko ɗan dangi. Duk tsohuwar da aka nuna wa kyamara, abin da na yi shi ta yi: ta ciji leɓe ta yi tashin fita kunya, wanda ba ta iya maimaita shi a salloli biyar na yini. Mun taru mun ba 'yar kara ƙarya, ita kuwa ba ta san dauriya ba. Abin da gwiwa ba za ta ɗauka ba, ba ta ɗauka.

Amma mijinta na tsaye a wurin, bakina ya ƙi buɗewa. Sai da aka kira salla ya fita masallaci, na koma ɗaki wurin matan nan.

Na ce, "Yau nan za ku kwana."

Aminiyata ta ce, "Rumfata fa?"

"Tumatir ba zai gudu ba. Gobe za a sake ɗaukar hoton nan, kuma yadda kike tashi a rumfa haka za ki tashi. Ke ma Goggo, yadda na ga kin yi ɗazu a bakin gado."

Goggo ta ce, "Rarrafen? A ɗauke ni ina rarrafe? Matar Yaya, kin fara ruɗewa."

"Babu namiji. Daga mu sai ita."

"Ita ɗin ba 'yar cikinmu ba ce? In yi goho gaban yarinyar da na goya?"

Wannan maganar ta taɓa ni, don ita ce ke cina tun da na bar baranda. Auta ta taso tana ganina a tsaye. Ranar da aka fita da gawar ubanta ma ba ta ga na jingina da bango ba. Na san idan ta ga yadda nake tashi, daga ranar za ta fara kallona da wani ido. Za ta riƙa miƙo mini hannu, ta riƙa yi wa yayyenta waya a ɓoye. Na auna wannan, na auna jakar da take haɗawa a waje.

Na ce, "Ni zan fara. In kun ga na yi, ba ku da ta cewa."

Goggo ta dube ni. Ta ce, "Ke ma dafawa kike?"

"Gobe kya gani."

Aminiyata ta ce, "To a aika a gaya wa maƙwabciyata ta yayyafa wa alayyafo ruwa."

Na fita na sami Auta ta rataya jaka. Na ce ta ajiye kayan a ɗakina, ta dawo da safe, mijinta kuma ya wuce ofis abinsa.

Ta ce, "Mama, babu amfani. Na ɗauki abin da zan ɗauka."

"Ban tambaye ki amfani ba."

"To wa zai riƙe kyamara?"

"Turmi. Ki ɗora ta a kai ki tokare da dutse. Wurin malaminki kuma ba za ki je ba sai na sallame ki."

Ta dubi fuskata, ta sauke jakar. Ta san ni.

Washegari, rana na fitowa na sa aka kulle ƙofar gida. Na shimfiɗa tabarmar da kaina kusa da bango, na miƙa wa Auta gwiwoyina ta maƙala ƙyallayenta. Goggo da aminiyata suka zauna a baranda sun zuba mini ido. Na zauna. Auta ta ce ta shirya.

Na karkata ta hagu, na janye ƙafar dama da hannu don ba ta lanƙwashewa da kanta. Na kifa, na dafa ƙasa da tafuka biyu. Na ɗaga ƙugu, na tsaya a haka ina mai da numfashi. Na miƙa hannu na lalubi bango, na kafa ƙafar hagu, na ja jikina sama kaɗan-kaɗan, nishin da na saba haɗiyewa na bar shi ya fito. Da na miƙe na juyo, Auta ta bar wurin kwamfutar ta yo rabin hanya, hannunta a miƙe, idanunta sun cika.

Na ce, "Koma. Ba ni za ki kalla ba, na'urarki za ki kalla."

Ta koma. Na sake zama a tabarmar, na ce ta ɗauki wani.