Ni Na Sa Shi Ya Kankare Bututun

Shekarun baya ni ne manajan wata tashar sayar da gas ɗin girki a bakin Kafanchan, kan hanyar Zonkwa. Ina da ƙuruciya, ina da takardar digiri, kuma ba na son a gyara mini magana a gaban mutane.

Akwai wani dattijo daga ƙauyukan Kauru da ke kula mana da bututun da ke ɗauko gas daga tanki zuwa famfo. Wata safiyar Asabar cikin damina, mata sun yi layi da tukwanensu, ya zo ya ce tsatsa ta ci bututun a inda ruwa yake kwanciya, ya zuba ruwan sabulu ya ga kumfa tana tashi. Ya ce sai an rufe tanki, an fitar da sauran gas, an janye jama'a, kafin ƙarfe ya taɓa wurin. Hausarsa ba ta nuna ba, sai na kwaikwayi maganarsa, 'yan layi suka kwashe da dariya. Na ce ya ɗauki burushin ƙarfe ya kankare tsatsar ya shafa fenti, ko ya ajiye rigar aiki ya koma noman citta. Sau biyu yana ce mini oga, yana roƙo. Na juya masa baya.

Ya durƙusa ya fara kankarewa. Ban kai ƙofar ofis ba na ji ƙarar tashin wuta. Kafin a rufe tanki wuta ta cinye hannayensa biyu da gefen fuska. Da mai tashar ya zo na ce gaban kansa ya yi, ban ma san yana wurin ba. Aka sallame shi yana kwance a asibiti.

Bayan wata uku matarsa ta tare ni a kasuwa. Ba ta zage ni ba. Ta ce ita ke ba shi abinci a baki, kuma mijin nata ya ce in ta gan ni ta tambaya ko an canja bututun. Faci kawai muka yi, amma na ce mata an canja.

Sai da na shekara kafin na iya faɗa wa mai tashar gaskiya, ya kore ni. Har yau ban je gidan dattijon ba, ban san da wane ido zan dube shi ba. Duk mai iko da ma'aikaci, in ya ce maka bututu yana yoyo, rufe tanki ka sallami layi. Ni na ba da umarni daga inuwa, shi ya durƙusa a gaban wutar.