Jirgin Abba da na shanya a tudu

Damina ce mai zafi, irin wadda gumi ba ya bushewa a jiki, a shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik. Ana wasannin can Beijing, amma mu a Guangzhou abin da muka gani shi ne tsananin biza. Kullum sai ka ji wani ya tattara ya koma gida, kasuwannin Guangyuan sun rage hayaniya, kowa yana tafe da fasfo a aljihu. Yau shekara tara ke nan da rasuwar ɗana Abba, kuma ko da yake ya yi shekaru a duniya bayan waccan damina, ita nake fara tunawa idan watan nan ya kama.

Na je ne don wankan jegon matarsa Hadiza, da yake mahaifiyarta ta rasu. Da na huta gajiya sai ya ce zai kai ni in ga wani abu. Muka yi tafiya mai nisa zuwa wani reshen kogi a bayan gari, ya nuna mini jirgin ruwa na katako, fari, mai tsini gaba da baya. Ya ce jirgin ceto ne, irin wanda ake ratayawa a gefen babban jirgi don ranar da abu ya ɓaci. Jirgin ya girmi Abba nesa ba kusa ba. Ya saye shi a hannun wani dattijo mai gyaran jirage a wurin, wanda muke kira Lawban, wato maigida. Abokansa na kasuwa suna ta yi masa tsiya, wai Bakanon da bai iya iyo ba ya zama sarkin ruwa. Shi kuwa duk Juma'a bayan masallaci yana can yana goge katako.

Ba a jima ba bizarsa ta ƙare. Dole ya koma gida ya sabunta, ya ce mako biyu ne. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Umma, jirgin nan amana ne a hannunki, ki riƙa leƙa mini shi."

Mako biyu ya zama wata uku. Da na je leƙawa na farko, na tarar da ruwa kwance a cikinsa har idon sawu, ga gansakuka a gindi. Lawban ya tafi ƙauyensu. Ni kuwa tun tasowata abin da na sani shi ne, abu mai daraja ba a barinsa a ruwa. Turmi ma idan hadari ya taso ɗaki ake shigar da shi. Na sa Hadiza ta yi magana da wasu leburori, suka jawo shi tudu, suka ɗora a kan duwatsu, na sa aka rufe da tamfol. Idan Abba ya kira ya tambaya, sai in ce masa an adana, ya kwantar da hankalinsa. Har ga Allah ina jin na yi abin kirki.

Ruwa ya ɗauke, iska ta bushe. Saura mako ɗaya Abba ya dawo, muka je da Hadiza, muka iske Lawban tsaye ya yaye tamfol ɗin. Bai ɗaga murya ba. Hannuna ya nuna, ya nuna jikin jirgin. Na sa yatsa, sai ga shi ya shige tsakanin katako da katako. Ta wata tsagar ma ana hango rana. Hadiza ta fassara mini cewa jirgin katako da ruwa yake rayuwa, ruwan ne ke kumbura katakon ya matse. Ya ce mai yiwuwa ya sake sha ya haɗe, mai yiwuwa kuma ya riga ya kangare, sai an gwada.

Hadiza ta ce mu yi shiru har Abba ya iso. Na ce a'a, ni aka ba amana. Bayan la'asar na kira shi, na faɗa masa komai ban rage ba. Can sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Umma, wato shanyar kuɓewa kika yi masa?"

Na ce ya yafe mini. Ya ce laifinsa ne, da ya ba ni ajiya bai faɗa mini abincinta ba. Daga baya Hadiza ta gaya mini ya kira ta daban, muryarsa duk ta dushe, yana roƙon kada ta bari in gane yadda abin ya taɓa shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Yanzu 'yan kasuwa da yawa ta waya suke zaɓen kaya, ba sa taka titin Huanshi Lu na Guangzhou da ƙafarsu. An ce jiragen da ke wancan kogin ma duk na roba ne, a tudu ko a ruwa ba ruwansu. Ina jin zai ce sun fi sauƙi, sannan ya ƙi saya. Jaririyar da na je dominta ta kusa gama sakandare, kuma ta gado shi a abu ɗaya: idan ƙannenta suka yi mata ɓarna, takan fara neman abin da zai sa su dariya kafin ta duba asarar. Jirgin ya koma ruwa, ya ɗauke su shekaru, bayan rasuwar Abba Hadiza ta mayar wa iyalin Lawban da shi. Wancan halin nasa ne ya rage mana a gida.

A ranar da na kira shi dai ban san ko jirgin zai haɗe ba. Washegari bayan asuba na tattara tsofaffin buhunan da ake ɗaure kaya da su, na ɗauki bokiti, na hau motar haya ni kaɗai, da takardar da Hadiza ta rubuta mini sunan wurin. Na jiƙa buhunan na shimfiɗa a cikin jirgin kamar yadda Lawban ya nuna. Na fara ɗebo ruwa daga kogi ina zubawa, yana zurarewa ta ƙasa ya jiƙa mini ƙafa, ina komawa in ƙaro.