Tambayar da Elizabet Ta Amsa Sau Biyu

Elizabet Kambai ba ta taɓa roƙon a kai ta ɓangaren masu taɓin hankali ba. Can aka tura ta bayan ta gama karatun jinya, ita kuwa ba mai musu ba ce. Mahaifinta daga kudancin Kaduna ya zo Minna aikin jirgin ƙasa, ya kafa gida a Tudun Fulani, ya reni 'ya'yansa a kan abu ɗaya, cewa aikin gwamnati ba a ɗaga murya a cikinsa. Ta riƙe wannan gam. Da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu, Favour da Caleb, albashin nan ya zama shi ne tuwonsu, shi ne makarantarsu.

Abin da ba ta faɗa wa kowa shi ne tsoro take ji. Ma'aikata sun yi ƙaranci, sau da yawa ita kaɗai ake bari a ɗakin maza. Yawancin majinyatan bayin Allah ne, ba ruwansu da kowa. Amma wata rana wani da aka kawo sabo ya shaƙe ta a bakin kabad ɗin magani har ta ga duhu, sai wani majinyacin ne ya ɓamɓare shi daga wuyanta. Tun daga ranar, ko takalmi ta ji a bayanta sai ta waiwaya da sauri. Ta naɗa gyale a wuya, ta ce wa mutane mura ce.

A shekarar 2010 wani likita mai bincike, Dakta Ndaliman, ya zo da takardar tambayoyi a kan yadda ma'aikatan wannan fanni ke zama da juna da kuma aikinsu. Ya ce an fara gwada ta a kan ma'aikatan ƙasar Romaniya, shi kuma yana so ya ga ko za ta yi aiki a nan. Ba a rubuta suna, in ji shi, kuma sau biyu za a amsa, yanzu da kuma bayan 'yan makonni.

Wannan sau biyun shi ya tayar da hankalin kowa. Ba a daɗe da gama tantance ma'aikata ba, an ga waɗanda aka sallama. Wa ke maimaita maka tambaya in ba mai son kama ka ba? Baba Kolo, shugaban masu jinya, ya tara su a ɗakin shan shayi kamar yadda suka saba duk lokacin da takarda ta zo daga sama. Yana karantawa, ana tsayar da amsa ɗaya, kowa na kwafa kamar 'yan firamare.

Da aka zo kan tambayar da ke cewa ko kana jin tsoro a wurin aikinka, Baba Kolo bai ko ɗaga kai ba.

"Ban taɓa ba," ya ce da Hausarsa ta Banufe. "Mace ko namiji, wanda ya ce yana tsoro, za a ce ba ya iya aiki. Sista Elizabet, ka rubuta?"

"Na rubuta, Baba."

Karo na biyu likitan ya gane dawar garin, sai ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya cikin ofis. Elizabet ta zauna ita da biro. Ta bi amsoshin Baba Kolo tiryan-tiryan har ta iso kan tambayar nan. Ta daɗe tana kallonta. Ta ce a ranta ko mutum ɗaya ne ya sani, wataƙila a ƙaro musu ma'aikaci. Ta ja layi a ƙarƙashin "kullum", ta miƙa, ta fito.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta ci abincin kirki ba. Gani take ita kaɗai ta kauce, rubutunta kuma kowa ya san shi. In masinja ya shigo da ambulan na wasiƙa, sai ta ɗauka takardar sallamarta ce. Ta fara tunanin ko sana'ar suyar ƙosai za ta riƙe yara biyu.

Ranar da Dakta Ndaliman ya dawo, fuskarsa a sake take. Ya gode musu, ya bayyana cewa maimaicin ba tarko ba ne. Tambayar da amsarta ta tsaya a karo biyun ita ce mai kyau, wadda ta yi rawa kuwa zubar da ita ake yi.

"Ɗaya ce kawai ta ba mu kunya," ya ce, "ta maganar tsoro. Fiye da rabinku kun sauya amsa, don haka mun cire ta."

Elizabet ta ɗago ta dubi abokan aikinta. Kowa ƙasa yake kallo, har Baba Kolo. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Ta ji bakinta ya buɗe ba da shawararta ba.

"Likita, in an cire ta, wa zai sani ke nan?"

"Sista, ni takardar nake gyarawa," ya ce a tausashe, yana haɗa jakarsa. "Tambayar da ba ta tsaya ba, ba inda zan kai ta."

Da ya fita, Baba Kolo ya yi gyaran murya ya raba aikin yamma. Sista Lauratu, abokiyar aikin Elizabet a ɗakin maza, ta tafi hutun haihuwa, ba wanda aka turo a madadinta. Elizabet ta karɓi makullin ɗakin maza, ta tafi ita kaɗai.