Allurar da Na Zarce da Ita a Gidan Makoki

A shekarun da aka fara shari'a a Kano, lokacin da albashi sai ya ga dama yake zuwa, ni malamar firamare ce a Gwarzo, na daɗe da aure amma ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mace ce ni mai ganin na fi kowa dabara, ga zurfin ciki. Mun sha rubutu, mun sha saƙe-saƙi, har maigidana ya kai ni wani asibitin kuɗi a birni. Likitar ta ce ƙwayayen haihuwata ne ba sa nuna da kansu, za a riƙa yi mini allura kullum don su girma, in koma ranar da ta sa a duba ni a na'ura. Ta nanata cewa hoton ne zai faɗi ranar da za a tsayar da allurar, ba ni ba, ba ita ba. Gonar waken maigidana ta Getso ce ta tafi a kan maganin nan, kuma dukanmu mun san ba mu da halin yin na biyu. Babu wanda muka gaya wa, sai maƙwabciyata, wata 'yar Filato da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi, ita ke yi mini allurar.

Ana gobe zan koma birni, Allah ya yi wa surukina rasuwa a Garo. Duk wanda ya san garuruwanmu ya san matar babban ɗa ba ta ɗaga ƙafa daga gidan makoki. Ita ce a murhu, ita ce a tabarmar karɓar gaisuwa. In na ce zan je birni sai an tambayi dalili, ni kuwa na gwammace komai da in ce neman haihuwa nake. Maigidana, cikin hawayensa, ya ja ni gefe ya ce in tafi, shi zai san abin da zai faɗa. Na ce ya bar mini. A lissafina, tunda allurar girma take sa ƙwai, ƙarin kwanaki ai ƙarin riba ne, kamar a bar dawa a gona ta ƙara nuna. Maƙwabciyata ta zo gaisuwa, na miƙa mata sauran kwalaben a ɗaki, ta ƙi taɓawa. Ta ce wannan ba allurar zazzaɓi ba ce, in yi wa Allah in shiga mota. Na ji haushinta sosai. Na samu wani mai kemis a bayan kasuwa da ba ya tambaya, na zarce har aka yi sadakar bakwai.

Kafin a watse cikina ya kumbura, zani ba ya ɗauruwa, tafiya sai na dafa bango. Ina tuƙa tuwo surukata ta ƙura mini ido, ta karɓe muciyar ta zaunar da ni kusa da ita. A hankali ta ce, “'Yata, ashe Malam bai tafi ya bar mu haka ba. In namiji ne, sunansa za a sa.” Tun rasuwar ban ga ta yi murmushi ba sai ranar, ni kuma na bar ta a kan zaton juna biyu ne da ni.

Da muka isa asibiti likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juyo mini da hoton ta ce ƙwayayen sun yi yawa, sun kuma wuce lokacinsu, mazauninsu ya kumbura, ci gaba zai iya taɓa raina. Aka soke maganin gaba ɗaya, aka kwantar da ni. Maigidana bai taɓa yi mini gori ba har yau. Da aka sallame ni, ni da kaina na koma Garo na durƙusa gaban tsohuwar na gaya mata komai. Ta ce da na faɗa mata, da ita za ta raka ni tasha.

Yanzu na manyanta, haihuwa ba ta zo ba, na kuma karɓi abin da Allah ya rubuta. Ban san ko da na je a kan lokaci za a dace ba, likitar ma ba ta yi alkawari ba, amma ni na rufe ƙofar da hannuna. 'Yan'uwana mata masu wannan magani, kwanakin allurar ba naku ba ne ku ƙara ko ku rage, ku je a duba ku ranar da aka sa. Kuma ku gaya wa wani a gida. Mutanen da na ji kunyarsu ba su taɓa hana ni tafiya ba, ni ce ban tambaye su ba.